Muhammadu al-Kashnawi: Malamin Katsina da bai taɓa karatu da littafin aro ba

Abdurrahman al-Jabarti ya yi suna ne saboda labarin da ya bayar na mamayar da Faransawa suka yi wa Masar a 1798. Amma a cikin babban littafinsa na tarihi, Aja'ibul Asar, a wurin da ya jera manyan malaman da suka rasu a Alƙahira, ya keɓe wa wani baƙo daga ƙasar Hausa sarari mai yalwa. Sunan baƙon Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, wato Bafulatanin Katsina, ana kuma danganta shi da garin Ɗan Ranko. Ya rasu a shekarar 1154 bayan Hijira, daidai da 1741, a gidan mahaifin marubucin, Shaihu Hasan al-Jabarti. Shi Abdurrahman bai riske shi ba, domin sai bayan fiye da shekara goma da rasuwar aka haife shi. Abin da ya rubuta ya samo shi ne daga gidansu, inda littattafan malamin da takardunsa suka saura.

Matasan da ke koyon rubuta manhajar kwamfuta a Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi sun saba jin sunan Alan Turing da Grace Hopper, wasu kuma sun san cewa kalmar algorizim ta samo asali ne daga sunan al-Khawarizmi, masanin lissafin Bagadaza na ƙarni na 9. Da wuya ka sami wanda ya ji sunan wannan Bakatsinen. Bai ga kwamfuta ba, ko a mafarki. Amma ya rubuta ƙa'idojin lissafi mataki-mataki yadda wani zai bi ya sami sakamako ɗaya da nasa, kuma yadda ya koyi sana'arsa ya fi kusa da abin da mai rubuta manhaja ke buƙata fiye da yawancin shawarwarin da ake yaɗawa a intanet.

Ya tashi ne a lokacin da Katsina ke cin gajiyar zamanin Ɗan Marina da Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17 da suka sa birnin ya zama zangon ɗalibai kamar yadda yake zangon fatake. Almajiri a wancan zamani ba ya neman makaranta, malami yake nema. In ya ƙare abin da wani malami ya ƙware a kai, sai ya naɗe buzunsa ya nufi wani. Al-Jabarti ya ambaci huɗu daga cikin malaman Muhammadu: Muhammadu al-Wali na Bagarmi, wanda aka sani da sharhin aƙidar Sanusi da kuma rubutunsa na sukar shan taba, sai Shaihu Hashim, Shaihu Muhammadu Bindu da Shaihu Muhammadu Fodu.

A wajen Muhammadu Fodu ne ƙofa ta fara buɗe masa. Ya lazimce shi kusan shekara huɗu, a gida da kan hanya, yana karanta sarfu da nahawu da littattafan adabi. Da farko malamin yana kiransa mai Muƙamatu, saboda ya haddace littafin har in aka ambaci kalma ɗaya sai ya kawo wadda ta gabace ta ba tare da dogon tunani ba. Wanda ya taɓa gwada karanta abin da ya haddace ta baya zai san nauyin wannan. Daga baya laƙabin ya sauya, malamin ya koma kiransa Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun Basra na ƙarni na 8. Tsakanin laƙabi biyun akwai tazarar da ke tsakanin wanda ya riƙe kalmomi a ka da wanda ya gane dokar da ke ɗaure su, kuma malamin bai ba shi na biyun ba sai da ya ga alama. Duk wanda ya koyar da harshen kwamfuta irin Python ya san ɗalibin farko, wanda ke iya zuba umarni ashirin daga ka amma in aka sauya tambaya kaɗan sai ya tsaya cik.

Lissafi kuwa a hannun Muhammadu Bindu ya same shi. A can ya karanta hisabi da ilimin lokuta bisa hanyar malaman Magrib, wato gano lokacin salla da tafiyar rana da wata, da kuma ilimin haruffa da aufaƙ, wanda a Hausa aka fi sani da hatimi. A wajensa kuma ya karanta manɗiƙi da usulu da balaga, ya saurari Bukhari.

Akwai wani abu a jerin karatun nan da mai karatu ke iya wucewa da sauri. Muhammadu ya rubuta kundin malamansa da abin da ya karanta wajen kowanne, kuma bai zagaye adadi ba. Muhtasar na Halilu, ya ce kashi uku cikin huɗu ya ɗauka wajen Bindu, har ya faɗi babin da ya fara da wanda ya tsaya. Wani littafin tauhidi na Ibn Zakri, kimanin sulusinsa. Babu mai bin sa Alƙahira ya tona shi in ya ce ya sauke duka. A yau takardar neman aikin matashi kan jera harsunan kwamfuta bakwai ko takwas, alhali a mafi yawansu darasin farko kawai aka taɓa. Kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata daga nesa sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke ba mai nema aiki ya rubuta a gabansu.

Ɗabi'ar da ta fi jan hankalin al-Jabarti ita ce ta littafi. Muhammadu yana lissafa wa kansa a cikin baiwar da Allah ya yi masa cewa bai taɓa karatu da littafin aro ba. In ya tashi karanta littafin da ba shi da shi, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya kwafe matanin da hannunsa, ya bar fili mai faɗi tsakanin layuka, domin ya cike shi da abin da ya tsinta a sharhohi da abin da ya ji daga bakin malami lokacin darasi. In kuwa littafin ya kai, sai ya kwafe har sharhinsa da hashiyarsa. Dole a tuna cewa takarda a Katsina ta wancan zamani baƙuwa ce. Daga Turai take fitowa, mafi yawa daga Italiya, ta ratso Sahara a bayan raƙumi. Barin rabin shafi fari kashe dukiya ne, kuma da gangan yake yi. Irin wannan rubutu mai tazara ba shi ya ƙago shi ba. Tsofaffin Alƙur'anan Barno na ƙarni na 17 cike suke da bayanai tsakanin layuka da tsohon harshen Kanembu. Shi dai ya mayar da al'adar doka a kansa.

A nan ne rayuwarsa ta fi taɓa sana'ar manhaja. Yau aro ya fi kowane zamani sauƙi. Ɗalibi zai buga tambaya, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zubo masa layi ɗari cikin daƙiƙu, ya liƙa, abin ya yi aiki, ya miƙa. Matsalar tana zuwa ne ranar da abin ya tsaya, ko ranar da mai shago ya ce a sauya yadda ake lissafin bashi, sai a tarar wanda ya sa hannu a aikin bai san abin da ke ciki ba. Aron kansa ba laifi ba ne, domin kusan duk manhajar duniya a kan aikin wasu aka gina ta. Abin da Muhammadu ya ƙi shi ne ilimi ya ratsa ta hannunsa bai bar sawu ba. Mai kwafa da hannu ba ya iya tsallake kalmar da bai gane ba kamar yadda ido ke yi, kuma filin da ya bari tsakanin layuka shi ne daidai bayanin da gwanaye ke rubutawa a gefen umarnin kwamfuta, don wanda zai gaji aikin ya san dalilin kowane mataki. Sau da yawa magajin nan shi ne marubucin da kansa bayan wata shida.

Kafanchan ba baƙuwar irin wannan koyo ba ce. Garin ya bunƙasa ne cikin shekarun 1920 a matsayin mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu zuwa Kaduna da Jos, kuma unguwar Bayan Loco ta samo sunanta daga wurin gyaran kawunan jirgi, inda yaro ke koyon inji ta hanyar kwance shi da mayar da shi. A unguwar ce Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta shafe shekaru tana koyar da kwamfuta, har ta shimfiɗa intanet marar waya ga al'ummomin karkara, cikin fama da zafi da ƙura da ƙarancin wutar lantarki. Yanzu ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a garin, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga kuma shirin gwamnatin tarayya na horar da matasa miliyan uku kan fasahar zamani da aka fara a 2023. Ɗalibin wannan yanki, wanda wuta ke ɗauke masa a tsakiyar aiki kuma kuɗin data ke ƙare masa kafin wata, ya fi kowa sanin bambancin abin da ke kansa da abin da ke can a intanet.

Muhammadu ya bar gida cikin wadata. Shi da kansa ya nuna cewa zamansa da iyalinsa lafiya lau yake, kwaɗayin ilimi ne ya sa ya musanya shi da baƙunci da haɗarin hanya. Ya nemi izinin malaminsa, ya kama hanyar Makka, ya ratsa dauloli yana ganawa da sarakuna da malamai, ya kuma rubuta labarin tafiyar. A wani zango ya yada buzu wata biyar yana karanta littattafan hisabi da ilimin ramli, wato bugun ƙasa. Malamai da yawa, da can da yanzu, suna ƙyamar bugun ƙasa a matsayin duba, kuma hukuncinsa nasu ne. Ta fuskar lissafi kaɗai, tsarinsa abin lura ne: kowace siffa layi huɗu ce, kowane layi ɗigo ɗaya ne ko biyu, saboda haka siffofin 16 ne cif, kuma ana haɗa biyu a fitar da ta uku ta duba ko jimillar kowane layi cika ce ko mara. Ɗalibin kwamfuta zai gane wannan nan take, domin irin lissafin sifiri da ɗaya ne da na'urarsa ke yi.

Ya yi aikin Hajji a 1142, wato 1730, ya zauna Makka. A can ya fara babban littafinsa, ad-Durrul Manzum, kan taurari da ɗalasimai, wanda ya gina a kan wani littafi na Fakhruddin ar-Razi. Ya kammala tsabtace shi a Masar cikin Rajab na 1146, ƙarshen 1733. Ya rubuta manɗiƙi a waƙe ya sa masa suna Minahul Ƙuddus, sannan ya yi masa sharhi da kansa mai kimanin ɗauri sittin na takarda. Yana da littafin nahawu, Bulugul Arab. Wanda ya kai sunansa ga masana tarihin lissafi kuwa shi ne aikinsa kan hatimi, musamman Bahjatul Afaƙ, inda sunan littafin kansa ya yi alkawarin warware abin da ya rikice da buɗe abin da ya kulle.

Mene ne hatimi a idon mai lissafi? A zana murabba'i mai gida uku a tsaye, uku a kwance. A zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, yadda kowane layi, na tsaye da na kwance da na karkace, zai ba da jimilla ɗaya. Jimillar 15 ce, kuma dole 5 ta zauna tsakiya. Akwai hanyoyi 362,880 na zuba lambobi tara a gida tara, takwas kaɗai ke dacewa, su ma hatimi ɗaya ne ake juyawa ana kifewa. Mai haƙuri zai iya lalubo shi da gwaji. In aka koma mai gida biyar-biyar, lambobi 1 zuwa 25, hanyoyin zubawa sun kai adadi mai lamba 26, wanda ko kwamfutar yau ba za ta ƙare gwada su ɗaya bayan ɗaya ba. Lalube ya ƙare ke nan, sai ƙa'ida.

Ƙa'idar ce Muhammadu ya rubuta, a wani aiki da ya kammala a 1732 kan hatimai masu gida mara, wato uku, biyar, bakwai da abin da ya yi sama. Ya nuna yadda ake sanin jimilla tun kafin a sa lamba ko ɗaya: a ninka yawan gidajen layi da kansa, a ƙara ɗaya, a raba biyu, wannan ita ce lambar tsakiya, a ninka ta da yawan gidajen layi, jimilla ta fito. Mai biyar tsakiyarsa 13, jimillarsa 65. Mai bakwai 25 da 175. Mai tara 41 da 369. Mai rubuta manhaja zai ga abin da wannan ke nufi: an tanadi ma'aunin gwada aiki kafin a fara aikin. Sannan ya kawo hanyoyin cike gidajen ɗaya bayan ɗaya.

Don mai karatu ya ɗanɗana irin wannan tsari, ga hanya mafi sauƙi a danginsa, wadda jakadan Faransa Simon de la Loubère ya kwaso daga tafiyarsa ta Siyam, wato Tailan ta yau, ya buga a 1691, kuma har yanzu ana ba ɗaliban manhaja ita a matsayin atisaye. A sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Kowace lamba ta gaba ta hau gida ɗaya sama, ta matsa gida ɗaya dama. In ta fita ta sama, ta shigo ta ƙasa. In ta fita ta dama, ta shigo ta hagu. In ta tarar da gidan a cike, ta sauka ƙarƙashin lambar da ta gabace ta. Wanda ya bi wannan a murabba'i mai uku zai sami 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Umarni biyar ne, kuma za su cike hatimi mai gida 99 a layi kamar yadda suka cike mai uku. Amma a gwada su a mai gida huɗu, sai su watse, domin gidaje masu cika suna da nasu hanyoyin dabam. Shi ya sa malaman wannan fanni suke ware mara daga cika tun a farkon magana. Faɗin inda hanya ta ƙare wani ɓangare ne na koyar da ita, kuma manhajoji da yawa sun durƙushe ne a wurin da marubucinsu bai tambayi kansa ba me zai faru in lambar da ta shigo ba irin wadda ya zata ba ce.

Ga ɗalibinsa yana da nasiha biyu. Ta farko kada ya karaya in abin ya ƙi fita, domin barin aiki a tsakiya jahilci ne a wannan fanni, ya kuma kwatanta mai nemansa da masoyi, wanda ba ya kaiwa ga muradi sai da naci marar iyaka. Ta biyu ya yi aikinsa a ɓoye, kada ya watsa sirrin ga kowa. A wajensa da mutanen zamaninsa hatimi ba wasan lambobi ba ne, abu ne da ke haɗe da haruffa da sunaye masu alfarma, kuma tsoronsu shi ne ya faɗa hannun wanda bai cancanta ba. Ta farkon tana nan daram. Ta biyun kuwa sana'ar manhaja ta bi akasinta ta kuma ci riba: tun da Linus Torvalds ya saki Linux a 1991 kowa na iya karantawa ya gyara, an ga cewa aikin da idanu da yawa suka duba ya fi saurin fitar da kurakuransa, kuma a kamfanonin kirki ba a karɓar rubutun ma'aikaci sai abokin aikinsa ya karanta. A ganina ma shi kansa Muhammadu bai cika bin nasiharsa ba. Mutumin da ya raba littafi zuwa gabatarwa mai babi uku da gundari mai babi biyar, kowane babi da nasa shimfiɗa da fasali da rufewa, so yake a fahimce shi. Da ya riƙe ƙa'idojin a ka kamar yadda wasu suka yi, da sun bi shi kabari.

A Alƙahira ya fara zama a Darbul Atrak, kusa da Azhar, kafin ya koma gidan Hasan al-Jabarti. Hasan ba ƙaramin malami ba ne. Zuriyarsa daga yankin Habasha ta fito, ya shahara a fiƙihun Hanafiyya da ilimin falaki da ƙera kayan awo, kuma gidansa matattarar masana ce. Duk da haka ya zauna gaban baƙon da ya zo daga Katsina ya karɓi ilimin aufaƙ da lissafin haruffa da lambobi daga gare shi. Da ajali ya matso, Muhammadu ya naɗa shi wasiyyi a kan abin da ya bari da littattafansa, waɗanda da yawansu da hannunsa ya kwafe su. Hasan ya binne shi a Bustanul Ulama, a maƙabartar Mujawirin, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Littattafan sun ci gaba da tafiya bayansa. An buga ad-Durrul Manzum a Alƙahira, kwafen rubuce-rubucensa kuma sun watsu a ɗakunan karatu, har da na makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo ya wallafa nazari a Ibadan kan yadda malamin ya bayyana ramzi, wato rubuta shekara da haruffa. A 1973 malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta gabatar da hanyoyinsa na gina hatimi a littafinta Africa Counts, daga nan sunansa ya shiga azuzuwan lissafi a ƙasashen da ba su san inda Katsina take ba. A wannan shekarar ce kuma wani mai rubuta manhaja a Amurka, Richard Schroeppel, ya sa kwamfuta ta ƙidaya hatimai masu gida biyar-biyar da za a iya ginawa, in an cire juyi da kifi. Ta sami 275,305,224.